Jijiyoyin Nan Da Ke Kumbura A Ƙafafun Iyayenmu Mata

Duk lokacin babban taro a ikilisiya, iyayenmu na zumuntar mata ne suke tsayuwa bakin murhu tun asuba har dare. Da yawa cikinsu, in ka dubi ƙwaurinsu, za ka ga jijiyoyi sun kumbura sun murɗe kamar igiya. Mun sha jin ana cewa sammu aka taka, har a kira wanzami ya yi tsaga. 'Yan'uwa, wannan ba jifa ba ne, kuma tsagar tana iya jawo babbar ɓarna.

Manyan jijiyoyin jini guda biyu ne suke kwance ƙarƙashin fatar kowace ƙafa. Babbar, wadda likitoci ke kira safinas, ita ce mafi tsawo a jikin mutum. Tana tasowa daga saman tafin ƙafa, ta bi ta gaban idon sawu na ciki, ta haura ta gefen gwiwa da cikin cinya, har gindin cinya inda take haɗuwa da jijiyar can ciki. Ƙaramar kuwa tana bi ta bayan idon sawu na waje, ta hau bayan ƙwauri, ta nutse a bayan gwiwa.

Aikinsu mayar da jini zuwa zuciya, wato hawan tudu ke nan. Shi ya sa Ubangiji ya sa 'yan ƙofofi a cikinsu, masu buɗewa sama kaɗai. In muna tafiya, naman ƙafa yana matsa jinin ya haura, ƙofofin su hana shi komowa. Amma doguwar tsayuwa, yawan ɗaukar ciki, ƙiba, tsufa da gado sukan raunana ƙofofin. Sai jini ya taru, jijiya ta kumbura, ƙafa ta yi nauyi da yamma. In abin ya daɗe, fatar idon sawu takan yi duhu, har gyambo ya fito.

Kada mu rena jijiyar nan. A 1967, Dokta Rene Favaloro, mutumin Ajantina da ke aiki a Cleveland ta Amurka, ya yanki safinas ya kewaye da ita jijiyar zuciyar da ta toshe. Har yau ana wannan aiki, ƙafar kuma takan ci gaba da aikinta, domin jijiyoyin can ciki ne suke ɗaukar mafi yawan jinin.

To, me ya kamata mu yi? Mai wannan damuwa ta riƙa ɗan zagayawa maimakon tsayuwa wuri ɗaya. In ta kwanta, ta ɗora ƙafafu bisa matashi su ɗara ƙirji. Akwai safa ta musamman mai matse ƙafa, likita zai nuna wadda ta dace. Kada a bari aska ko ƙaho su taɓa wurin. In jijiyar ta fashe, a kwantar da ita, a ɗaga ƙafar sama, a danne da tsumma mai tsabta, sannan a nufi asibiti. In kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, a tafi ran nan, don mai yiwuwa jini ne ya daskare a ciki.

Muna roƙon dattawan ikilisiya su sa benci a madafa kafin taro mai zuwa, matasa kuma su karɓi tuƙin tuwo. Mu yi wa iyayenmu addu'a, mu kuma kai su asibiti. Ubangiji ya ƙara musu lafiya. Amin.