Renon Kwikwiyon Labrador A Gida

Asalin karen Labrador daga tsibirin Newfoundland ne a ƙasar Kanada, inda kakanninsa suka riƙa taya masunta janyo taru daga ruwan sanyi. Daga can aka kai shi Ingila, aka yi wa irinsa rajista a 1903.

Ba a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako 8. Kafin ya iso, lalle a keɓe masa wuri mai inuwa, a ɗauke takalma da wayoyin lantarki, domin sa'ad da haƙoransa ke fitowa ba abin da ba ya taunawa. A tambaya ko an yi masa allurar rigakafin farko. Ta haukan kare kuwa sai ya kai wata 3 likitan dabbobi zai yi masa, kuma kada ya cuɗanya da karnukan unguwa kafin a gama.

Babban aibinsa haɗama. A 2016 masana a Jami'ar Kambirij suka gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na irinsa suna da wata tawaya ta gado mai hana su jin ƙoshi. Saboda haka a auna masa abinci, sau huɗu a yini da fari, sau biyu bayan wata 6, kome marairaicewar da zai yi, gama ƙiba tana lalata masa kwatangwalo. Albasa da inabi da cakulan guba ne gare shi.

Gashinsa ninki biyu ne, zafinmu yana wahal da shi. Yawo sai da sassafe ko da yamma lis. Mai neman karen gadi kuwa ya duba wani wajen, wannan har ɓarawo yana iya kaɗa wa wutsiya.