Ƙissa, Misali da Labarin Waliyyai

Yaron da ya tashi a gidan Bahaushe yakan san bambancin tatsuniya da ƙissa tun ba a koya masa ba. Tatsuniya ta dare ce, a bakin kaka, ana rufe ta da ƙurunƙus, kuma ba wanda zai je neman kabarin Gizo. Ƙissa kuwa malam ke bayar da ita, da salati a bakinsa, jama'a sun yi tsit. Abin da ke raba labaran addini gida-gida shi ne: me ake son mai sauraro ya gaskata, kuma wa ya tsaya wa labarin?

Ƙissa labarin abin da ya auku ne. Suratu Yusuf, sura ta 12 mai ayoyi 111, ta ɗauko labari guda tun daga mafarkin yaro har ranar da mafarkin ya tabbata. Amma Alƙur'ani bai cika tsayawa kan sunaye da shekaru ba. Matar Azizun Masar, wadda kowa ke kira Zulaiha, ba a ambaci sunanta a surar ba. Daga littattafan baya sunan ya zo. Ɗan Adam kuwa ba ya son giɓi a labari. Shi ya sa littattafan Ƙisasul Anbiya, irin na Sa'alabi da ya rasu a 1035, suka cike guraben da ruwayoyi, da yawansu daga mutanen da suka san littattafan Yahudu da Nasara, kamar Ka'abul Ahbar da Wahabu bin Munabbih. Irin waɗannan ruwayoyin ake kira Isra'iliyyat. Ibn Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya sa musu rariya, ya riƙa nuna wadda ba ta da tushe. Malaman Yahudawa ma suna da irin wannan cike-gurbi a kan Attaura, suna ce masa Midrash.

Misali wani abu ne daban. A Linjilar Luka, babi na 15, akwai ɗan da ya karɓi gadonsa tun uban na raye, ya je ya ɓarnatar, ya dawo. Kirista ba ya tambayar garinsu, domin darasin ake nufi. Mabiya Buddha kuma suna da labaran Jataka guda 547, inda za ka ji barewa ko biri na magana. A kunnen Bahaushe tatsuniya ce tsaf, amma a wurin masu ita rayuwar da Buddha ya yi ce kafin haihuwarsa ta ƙarshe.

Inda ƙura ke tashi shi ne labarin waliyyai, wato manaƙibi. Muridai na karanta karamomin Sidi Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, kuma Wazirin Sakkwato Gidaɗo ɗan Laima ya tattara na Shehu Usmanu a Raudul Jinan. Mai ƙauna yakan ji ya zubar da hawaye, malamin hadisi kuwa sai ya ce a kawo isnadi. Gardamar tsohuwa ce. Ibnul Jauzi, shahararren mai wa'azin Bagadaza da ya rasu a 1201, littafi sukutum ya rubuta a kan masu ba da ƙissa a masallatai, yana yabon na kirki, yana fallasa masu ƙara gishiri.