ME YA SA RUWAN SAMA BA YA WANKE FENTIN RUWA?

Kowace shekara, in ranar ba da kyaututtuka ta matso, mukan ga masu fenti sun shigo da bokitai, su tsinka fenti da ruwa, su shafe azuzuwa da majami'a. To, abin da aka dama da ruwa, ƙaƙa ruwan Agusta na Katsina ba ya wanke shi?

Fentin ruwa kamar madara yake. Cikin madara ɗigon mai ne ke yawo a ruwa, cikin fenti kuwa ƙwayoyin roba ne, ƙanana ƙwarai, ko an jera 1,000 ba su kai milimita 1 ba. A masana'anta akan haɗa ruwa da sabulu da wani sinadari, watau monoma, a zuba abin da zai ta da aikin. Sai monoma su riƙa kama juna kamar duwatsun wuya a zare, har su zama doguwar sarƙa, polima ke nan. In an shafa a bango ruwan ya bushe, sai ƙwayoyin su matsu, su manne su zama fata guda. Ruwa ba ya sake raba su.

Wahalar ita ce, a tsohuwar hanya kowace sarƙa takan yi girma ta mutu cikin kamar daƙiƙa guda, wata doguwa, wata guntuwa. A 1995 Matyjaszewski a Amurka da Sawamoto a Japan suka nuna yadda za a riƙa sa sarƙa barci ana ta da ita, duk su girma tare. A 1998 masanan Ostareliya suka fito da wata dabarar, RAFT. Amma yawancin fentin kasuwa ta tsohuwar hanya ake yin sa.

Akwai kuma ɗaure sarƙoƙin da juna su zama raga. Goodyear ya yi wa roba haka da farar wuta a 1839, majemanmu kuwa sun daɗe suna yin makamancinsa, gama bagaruwa ce ke ɗaure zaruruwan fata. Nan ake son hankali: ɗauri ya yi kaɗan, fenti ya yi laushi ya kwashi ƙurar hunturu, ya yi yawa tun cikin bokiti, ƙwayoyin su ƙi mannewa, ya tsattsage.

Don haka in muka ga mai fenti yana ambaliyar ruwa don bokiti ɗaya ya isa aji biyu, mu tsai da shi. Robar da za ta hau bango ba za ta isa riƙe launi ba, kafin Kirsimeti sai ya koma bin rigunanmu kamar farar ƙasa.