Ƙaiƙayin Egzima Ba Ƙazanta Ke Kawo Shi Ba

Da zarar hunturu ya kankama, masu fama da ƙaiƙayin fata kan cika shagunan magani. Cikinsu har da magidanta da matan aure masu irin egzimar nan da ke bin dangi tare da asma da yawan atishawa. Shawarar da suke samu a gida ba ta wuce biyu: "Ka riƙa wanka sosai," da "Ki daina susa mana." Dukkansu ƙara wa mai ciwo ciwo suke yi.

Wannan cuta daban take da ƙazuwa da ƙyasfi, kuma ba a ɗaukarta ta musabaha ko haɗa kwano. Matsalar tana cikin ginin fatar. A 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Birtaniya suka nuna cewa wasu masu ita sun gaji tawayar filagirin, wani sinadari da ke ƙarfafa saman fata. Irin wannan fata tamkar katangar ƙasa ce da yaɓenta ya tsattsage: danshi na fita, ƙura da sabulu na shiga. Wanda ya ɗauki soso da sabulu mai magani yana dirzar ta da ruwan zafi, ragowar yaɓen yake kankarewa.

Shi kuwa ƙaiƙayin, garkuwar jiki ce ke sakin wasu sinadarai, irin su IL-31, suna tsokanar jijiyoyin fata kai tsaye. Shi ya sa ƙwayar Piriton ba ta cika kashe shi ba, sai dai ta sa barci. Kuma ko a cikin barcin hannu bai daina aiki ba. Mutum ya farka da asuba ya tarar da ɗigon jini a zanen gado da ƙasan farcensa, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu suna raɗaɗi. Susa ta yaga fata, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya yi kauri ya yi baƙi, ƙaiƙayi ya ƙaru. Ta yaya za a zargi mutum kan abin da ya yi yana barci?

Illar ba ta tsaya a fata ba. Tun 1994 likitocin fata a birnin Kadif da ke Birtaniya, Andrew Finlay da Gul Karim Khan, suka tsara tambayoyi 10 na auna yadda ciwon fata ke taɓa rayuwa: zaɓen tufafi, zuwa aiki, shiga jama'a, har da zaman aure. Ɗinki na lalacewa a hannun telan da ya kwana yana susa, mace kuma ta ƙaurace wa biki don gudun kallo. Bincike ya sha nuna cewa ciwon damuwa ya fi yawa a tsakanin masu wannan cuta.

Akwai sauƙi: gajeren wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, shafa man kaɗe ko Vaseline tun jiki bai gama bushewa ba, tufafin auduga, yanke farce. Man siteroid yana aiki idan likita ne ya zaɓi ƙarfinsa da tsawon shafa shi. Abin takaici, a unguwanninmu ana miƙa wa kowa nau'insa mai ƙarfi ba tare da takardar likita ba, a yi ta shafawa wata da watanni har fata ta sirance. Hukumomin kula da magunguna ya kamata su tsaya kan wannan tsayin daka. Mu kuma a gida, idan ɗan'uwa ya ce bai runtsa ba saboda ƙaiƙayi, mu gaskata shi, mu raka shi wurin likitan fata.