Sai Masu Gida: Muryar 'yan kallo da ke ɗaga Kano Pillars, ita ce kuma ke jefa ta cikin tsaka mai wuya

A ranar Lahadi 23 ga watan Agustan 2015, Nasarawa United ta yi abin da ƙungiyoyin ƙasar nan suka shafe shekara 12 suna nema ba su samu ba. Ta doke Kano Pillars da ci 2-1 a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Kafin wannan rana, rabon da a ci Pillars a gida a Gasar Firimiyar Najeriya tun shekarar 2003, wato sama da wasa 200 ke nan a jere.

A tsawon waɗannan shekaru an sauya masu horarwa ba sau ɗaya ba. 'Yan wasa sun zo sun tafi. Ahmed Musa ya zo yana matashi, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya wuce Turai. Ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar a 2008, sannan ta ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Abu ɗaya da bai sauya ba shi ne jama'ar da ke cika filin duk ranar wasa, da amon da suke tayarwa tun kafin 'yan wasa su fito ɗumama jiki.

Duk wanda zai yi maganar tarihin Pillars a gida, dole ya yi maganar wannan amo. Haka kuma duk wanda zai yi maganar halin da ƙungiyar ta riƙa shiga a 'yan shekarun nan, nan ma maganar za ta dawo.

Yadda amon ke haɗuwa

Da ƙarfe huɗu na yamma ake take yawancin wasannin gasar, amma a Kano wasa yana farawa tun rana na tsaka. Masu A Daidaita Sahu suna sauke mutane, masu sayar da ruwa da rake da gyaɗa sun kama wuri, matasa sanye da kore da ruwan ɗorawa suna layi a ƙofofi. Wanda ya makara a babban wasa, sai dai ya ji labari daga waje.

A ciki, hayaniyar da baƙo zai ɗauka ta kara-zube ce tana da tsarinta. Akwai masu ganga, su ne ke riƙe da lokaci. Akwai mai bayarwa, akwai masu amshi. Mutum ɗaya ko 'yan kaɗan za su ɗaga baiti, ɓangaren da suke zaune ya karɓa, daga nan ya zagaya filin. Baitin gajere ne, domin abin da mutum dubu goma za su faɗa tare ba ya son tsawo. Shi ya sa kalmomi uku kacal, Sai Masu Gida, suka zama take, suka zama kirari, har suka zama sunan ƙungiyar na biyu a bakin 'yan jarida na Kudu da ba sa jin Hausa.

Amon kuma yana da lokutansa. Idan Pillars ta samu bugun kusurwa, yana tashi. Idan ɗan wasan baƙi ya riƙe ƙwallo yana neman wanda zai ba, sai a rufe shi da ihu har ya kasa jin kiran abokin wasansa. Mai tsaron ragar baƙi shi ne ya fi kowa shan wahala, domin minti 45 zai yi jama'a na bayansa suna kiran sunansa, suna ƙirga masa duk daƙiƙar da ya ɓata. Idan kuwa Rabi'u Ali Pele ya ajiye ƙwallo zai buga bugun tazara, filin kan ɗan yi tsit na wani lokaci, irin shirun da ke zuwa kafin hadari ya kece.

Bahaushe bai koyi wannan daga talabijin ba. Tun kafin ƙwallo ta zo ƙasar Hausa, akwai kiɗan noma da ke sa manomi ya manta da zafin rana a gayya, akwai makaɗan dambe da na kokawa. Wanda ya san yadda Ɗan Anace ke zuga Shago ya san abin da kirari ke yi wa jikin namiji a fage. Ɗan dambe da aka kama kiɗansa yakan miƙe tsikar jikinsa na tashi, ya shiga fage da ƙarfin da ɗazu ba shi da shi. Abin da ke faruwa a Ƙofar Mata ɗan'uwan wannan ne, sai dai a nan mazugan dubbai ne, waɗanda ake zugawa kuma mutum 11.

Ko manyan Afirka sun ɗanɗana. A 2009, Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin Zakarun Afirka a lokacin, ta zo Kano aka tashi 1-1, aka je Alƙahira aka yi 2-2, Pillars ta fitar da ita. A shekarar ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta cire ta, har da cin ta a Kano. Wannan ya isa tunatarwa cewa tarihin shekara 12 na gasar cikin gida ne, kuma ihu ba ya zura ƙwallo a raga da kansa.

Gwajin da korona ta yi wa duniya

An daɗe ana gardama a kan ko 'yan kallo na da tasiri na gaske, ko kuwa sabo da fili da gajiyar tafiyar baƙi ne ke ba masu gida nasara. Annobar korona ta zo ta yi gwajin da babu wanda zai iya shirya shi da gangan: fili ɗaya, tafiya ɗaya, amma babu kowa a kujera.

A Jamus, inda aka fara dawowa wasa a watan Mayun 2020, masu gida suna cin sama da kashi 40 cikin 100 na wasanninsu kafin a rufe filaye. Da aka dawo babu 'yan kallo, abin ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Labarin Liverpool ya fi saurin shiga kai ga masu bin gasar Ingila a gidajen kallo. Filin Anfield ya yi suna da waƙar You'll Never Walk Alone, wadda magoya baya suka ɗauka tun 1963 suke rerawa kafin a take wasa. A can ne a watan Mayun 2019 Liverpool ta rama ci 3-0 da Barcelona ta yi mata, ta ci 4-0. Ƙungiyar ta yi wasa 68 a jere a gasar Firimiya ba a ci ta a gida ba. A watan Janairun 2021, filin babu kowa, Burnley ta zo ta karya tarihin. Daga nan Liverpool ta sha kashi sau shida a jere a Anfield, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Gaskiya ne tana fama da raunin masu tsaron bayanta a lokacin, amma da wuya a samu mai bin ƙwallo da zai ce da filin a cike yake haka za ta faru.

Kunnen alƙalin wasa

Akwai wani ɓangare na maganar da magoya baya ba su cika son a taɓo ba. Amon 'yan kallo ba a kan 'yan wasa kaɗai yake aiki ba, har da mai usur.

A wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2002, an nuna wa alƙalan wasa 40 faifan bidiyon wani wasa tsakanin Liverpool da Leicester. Wasu sun kalla da ƙarar 'yan kallo, wasu an kashe musu sautin. Waɗanda suka ji ƙarar sun busa wa masu gida laifi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin 100. Waɗannan mutane a ɗaki suke zaune, babu mai jifan su, babu mai jiran su a ƙofa. Ƙara kawai suka ji.

To ina ga alƙalin da ke tsaye a tsakiyar fili a Najeriya, wanda ya san tsakaninsa da jama'a waya ce da 'yan sanda ƙalilan? Shekaru da dama cin wasa a waje a gasar ƙasar nan abu ne mai wuyar gaske, ba a Kano kaɗai ba, har Aba da Jos da Makurɗi da sauran wurare. Masu sukar tarihin Pillars sukan kafa hujja da wannan. Ba su yi adalci ba idan suka ce shi ke nan labarin, domin ƙungiyar da ta ɗauki kofi uku a jere ta kuma fitar da Al Ahly a Alƙahira ba da tsoratar da alƙali ta yi ba. Amma magoya baya ma ba za su yi adalci ba idan suka ce babu ƙamshin gaskiya a ciki. Tsakanin zuga da barazana tazarar ba ta da yawa, kuma a wajen ne Pillars ta sha yin asara.

Lokacin da amo ya koma jifa

A watan Yunin 2019, a wasannin fitar da zakara da aka yi a filin Agege da ke Legas, wasu magoya bayan Pillars sun afka cikin fili bayan an tashi 1-1 da Enugu Rangers. An ci ƙungiyar tarar Naira miliyan takwas.

Na 2022 ya fi ciwo. Pillars ta yi kusan shekara biyu ba ta wasa a Kano, tun bayan da aka mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu korona a 2020, inda ta riƙa karɓar baƙi a wasu garuruwa, ciki har da Kaduna. A watan Afrilun 2022 aka ba ta damar dawowa gida. Wasan farko da Katsina United ne, maƙwabta, kuma ba a ƙarasa shi ba. An shiga fili, an farfasa motar 'yan Katsina. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar Naira miliyan tara, ta zaftare mata maki uku, ta kuma kora ta Abuja, sama da kilomita 400 daga Ƙofar Mata. Jama'ar da suka yi ta jiran dawowar ƙungiyarsu wasa ɗaya suka gani, shi ma bai kai ƙarshe ba. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 ta dawo.

A watan Oktoban 2025 aka sake komawa gidan jiya. Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka yi 1-1, wasu suka tsallaka fili suka far wa alƙalai da 'yan wasan baƙi. Hukunci: tarar Naira miliyan tara da rabi, zaftare maki uku, da rufe filin Sani Abacha. Ahmed Musa, wanda a lokacin ya zama babban manajan ƙungiyar, sai da ya fito ya ba da haƙuri.

A duk waɗannan lokuta, waɗanda suka tsallaka waya ba su kai ko kusa da yawan waɗanda suka zauna a kujerunsu ba. Amma hukuncin kowa ya shafa. Mai ganga da bai jefi kowa ba ya rasa wurin kiɗa. Mai sayar da ruwan leda da ɗan A Daidaita Sahu sun rasa cinikin Lahadi. Ƙungiya ta rasa kuɗin ƙofa, ta ƙara da kuɗin mota da masauki don wasan da sunansa na gida. 'Yan wasa kuma sun rasa abin da ke sa baƙo ya shigo fili gabansa na faɗuwa.

Asarar ta wuce Kano. A garuruwa da yawa na ƙasar nan, matasa sun fi sanin 'yan benci na Arsenal da Real Madrid a kan kyaftin ɗin ƙungiyar jiharsu, ana wasan gida kujeru a bushe, gidan kallo kuwa a cike. Kano na cikin wurare ƙalilan da har yanzu mutum zai bar kasuwa ya biya kuɗi ya shiga kallon wasan cikin gida. Idan ana son nuna wa mai tallafi ko gidan talabijin cewa gasar na da rai, hoton filin Sani Abacha ake ɗauka.

Turawa ma sun bi ta wannan hanya. Bayan mutanen da suka mutu a filin Hillsborough a 1989, Ingila ta hana tsayuwa a manyan filayenta, ta sa kowa a kujera. An samu tsaro, amma magoya baya suka yi ta kukan cewa filaye sun yi sanyi, har sai da aka fara dawo da wuraren tsayuwa masu kariya a 2022. Abin da ya fi amfani a tsarinsu shi ne bin mai laifi shi kaɗai: kyamara ta ɗauke shi, kotu ta hana shi shiga fili na tsawon shekaru. A Jamus kuwa, Borussia Dortmund na da tsayuwar mutum kusan 25,000 a bayan raga ɗaya, wadda ake kira Bangon Rawaya, kuma ko ita an taɓa rufe ta na wasa ɗaya a 2017 saboda ɗanyen aikin wasu magoya baya.

A Kano, inda tikiti ba ya ɗauke da suna kuma ƙofa kan fi ƙarfin masu tsaronta a babban wasa, kama mutum ɗaya cikin dubbai aiki ne ja. Sai dai waɗanda ke zaune a ɓangare ɗaya duk mako sun san juna. Shugabannin ƙungiyar magoya baya da masu riƙe da ganga sun san wanda ke zuwa don waƙa da wanda ke zuwa da dutse a aljihu, kuma murya ɗaya da ke iya tayar da fili tana iya kwantar da shi a minti na 90 idan aka farke ƙwallo. A ganin wannan marubuci, a nan ya kamata hukumar ƙungiyar ta zuba ƙarfinta, tare da gyara shingen da ke raba jama'a da fili da kuma hanyar fitar alƙalai.

Bayan hukuncin 2025, filin Muhammadu Dikko da ke Katsina aka ba Pillars a matsayin gida, kimanin kilomita 170 daga Kano, a garin ƙungiyar da aka farfasa wa mota shekara uku kafin nan.