Turawa Marasa Kai Sanye da Atamfa

Duk wanda ya taɓa haɗa lefe ya san darajar atamfa 'yar Holan, kuma sunanta kaɗai ya nuna ba a nan ake buga ta ba. Tushenta tsibirin Jaba ne na ƙasar Indunusiya, inda ake zana ado da kaki a jikin yadi kafin a tsoma shi a rini. Turawan Holan da suka mulki ƙasar suka kwaikwayi sana'ar da inji a ƙarni na 19. Hajar ba ta karɓu a can ba, sai ta sami kasuwa a Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har gobe yana bugawa.

Wannan tarihi ne jarin Yinka Shonibare, Bayarabe da aka haifa a Landan a 1962, ya taso a Legas, sannan ya koma Ingila karatun zane. A can wani malaminsa ya tambaye shi me ya hana shi yin fasahar Afirka ta asali. Amsar tasa a kasuwar Brixton ya samo ta, wurin masu sayar da atamfa: ga yadin da kowa ke rantsuwa na Afirka ne, alhali ya ratsa nahiya uku kafin ya iso.

Dubi aikinsa na 2003 a kan rabon Afirka da Turawa suka yi a Balin tsakanin 1884 da 1885. Mutum-mutumi 14 ne zaune kewaye da teburi, taswirar Afirka a tsakiya. Ɗinkin kwat ɗinsu na manyan Turawan wancan zamani ne, da falmaran da komai, amma yadin atamfa ce mai ɗaukar ido. Wani ya miƙa hannu, wani ya karkata kamar ana tsaka da gardama, kuma ba mai kai ko ɗaya a cikinsu. Da farko dariya za ta kama ka. Sai daga baya ka lura cewa tunda babu fuska, ba ka da hanyar cewa wannan fari ne ko baƙi, kuma waɗanda suka yanka wa nahiya guda iyakoki an nuna su ba ƙwaƙwalwa.

Tsokanar tasa ba ta bar mu ba mu ma, domin tana tambayar mai cika baki da "namu na gargajiya" ko ya san inda abin ya fito. A ganina hakan bai ƙwace mana atamfa ba. Matan da suka raɗa mata sunaye, suka yi anko da ita a biki da suna, su ne suka mai da ita tamu.

Akwai masu sukarsa cewa yana zolayar daular Birtaniya yana kuma karɓar lambar girmanta. Ya karɓa kuwa, har ya liƙa haruffan a ƙarshen sunansa, da gayya.

A 2010 ya kai wasan dandalin Trafalgar, gaban gunkin Nelson, gwarzon yaƙin ruwan Ingila na 1805. Ya ƙera ƙaramin kwafin jirgin Nelson, ya yi masa filafilai da yadi mai adon atamfa, ya saka shi cikin ƙatuwar kwalba. Yanzu jirgin yana gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, bayan an haɗa da gudummawar jama'a an saye shi a 2012.