Ko Kun Sani? Sunan Gusau Ba Na Gida Ɗaya Ba Ne

Janar Aliyu Mohammed Gusau, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kuma ministan tsaro daga 2014 zuwa 2015, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, masanin waƙoƙin baka na Jami'ar Bayero ta Kano, gari ne ya haɗa sunansu, wato babban birnin Jihar Zamfara.

A al'ada, Bahaushe da sunan mahaifinsa ake kiransa. Da makarantun boko da aikin soja suka tara yara daga garuruwa daban-daban, sai a sami Muhammadu ko Aliyu barkatai a rajista ɗaya, dole a liƙa wa kowa sunan garinsu. Haka aka sami Shehu Shagari da Malam Aminu Kano, haka kuma mutumin Tsafe, Bungudu ko Wanke yake yi har gobe.

Yanzu sunan ya fara zama na gado. Ɗan Janar ɗin, wanda ya zama mataimakin gwamnan Zamfara a 2019, Mahdi Aliyu Gusau ake ce masa.